Murhu da Shimfiɗar Ruwa

A gida Murhu ake ce mini. Yayata ce ta laƙaba mini sunan tun ina ɗan shekara biyar, lokacin da muke kwana mu huɗu a kan katifa ɗaya, kowa yana roƙon kada a haɗa shi gefe da ni. In sanyi ya shigo kuwa sai a yi ta rububina, ƙannena biyu har kokawa suke a kan wanda zai manne da bayana. Wata uku a shekara ina da daraja, sauran tara ni ne annobar ɗaki.

Ba ciwo ba ne. An kai ni asibiti sau biyu ina yaro, na kai kaina sau ɗaya da na girma, 'yata ma da ta zama nas ta ɗebi jinina ta kai aka auna. Amsa ɗaya ce: lafiyata ƙalau, haka aka halicce ni. In na kwanta, kafin barci ya yi nisa filo ya jiƙe, zanin gado ya manne mini a baya, da safe a tarar da hotona a kan katifa, har da inda na miƙe hannu. Mahaifiyarmu ta gaji da shanya katifa, ta sayo mini tabarmar roba. Shekara takwas na yi ina zuwa makaranta da zanen tabarma a kumatu.

Karatu bai karɓe ni sosai ba. Da na gama sakandare da ƙyar, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagon wani mai gyaran firji. Mutane suna cewa zafin jikina ne ya sa na zaɓi sana'ar sanyi, ni ma nakan gyaɗa kai don labarin ya fi daɗi a haka. Gaskiyar ita ce mai shagon abokin mahaifina ne, kuma yana neman mai ƙarfin ɗaukar kwamfureso. Shekara bakwai na yi a hannunsa. Mutum ne marar magana, yakan ɗora bakin sukudireba a jikin firji ya kara ɗaya gefen a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma. Na koyi aiki a wurinsa sosai, na kuma koyi wata ɗabi'a da ya riƙe kamar doka: mai gyara ba ya cewa bai sani ba. In aka kawo abin da ya fi ƙarfinka, ka zagaya shi sau biyu, ka ja tsaki kaɗan, ka ce a dawo jibi.

Shagona yana nan inda na buɗe shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a layin masu gyara, tsakanin mai walda da Mai Kushin, wanda ke ɗinka kujeru da katifu. In ka shigo za ka ga firji uku ba ƙofa, tukwanen gas a jere, benci ɗaya da ƙafarsa ta huɗu bulo ce, da tawul a rataye a ƙusa. Tawul ɗin nawa ne, ba na aiki ba.

Sai Allah ya haɗa ni da mace mai jin sanyi. Maiɗakina takan sa safa a tsakiyar bazara. A shekarar farko ta aurenmu na haɗa esi, na'urar sanyaya ɗaki, daga guntayen esi uku, na kafa a ɗakinmu, ina ta hura hanci, wai in nuna mata ta auri injiniya. Kwana uku ya yi yana aiki. Ita ta yi mako biyu tana mura, gwiwoyinta suka riƙe, surukata ta zo ta zauna a falo tana kallona ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini zagi ciwo. Esin yana nan har yau, an ɗinka masa riga mai fulawa, an ɗora agogo a kansa. Fanka ma sai da aka yi sulhu: lamba ɗaya, kuma ta fuskanci bango. A tsakiyar gadonmu akwai doguwar matashiya, ba don faɗa ba, don kada gumina ya tsallaka iyaka. Duk da haka mun haifi uku. Kada a tambaye ni.

Haka na rayu, ina sanyaya ɗakunan mutane da rana, in dawo in dahu a nawa, har shekara huɗu da suka wuce.

Wata hantsi ce, zafi ya kai inda mai walda ma ya ajiye aiki ya zauna a inuwa. Tasi ta tsaya a ƙofar shagona, direban ya fito da wani akwati fari kamar ƙaramar firintar ofis, da wani abu naɗaɗɗe kamar bargo. Bayansa wata tsohuwa ta fito a hankali, da tabarau da jaka a hammata. Tun kafin ta yi magana ƙafafuna suka miƙar da ni tsaye. Malamarmu ce ta aji huɗu. Shekara arba'in da wani abu rabona da ita, amma hannuna da kansa ya koma bayana.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ai ta gane ni, ni ne yaron da littafinsa kullum a cukurkuɗe saboda gumin hannu. Na ce ni ne, Malama. Ta ce an gaya mata duk layin nan ba wanda ya kai ni sanin kayan sanyi, shi ya sa ta zo. Ɗanta da ke aiki a wata ƙasa ne ya aiko da abin, shimfiɗa ce da ake ɗorawa a kan katifa, tana sanyaya wanda ya kwanta. Ta yi wata biyar tana aiki, yanzu sai ƙara kawai take yi da wata jar fitila, sanyi babu.

Ban taɓa ganin irinta ba, ban ma taɓa jin akwai ta a duniya ba. Na zagaya akwatin sau biyu. Na ja tsaki kaɗan, na ce irin waɗannan ai sun saba yin haka.

"Malama, a dawo jibi."

Ta ce ba sai ta dawo ba, in na gama in kira ta. Ta karɓi lambata, ta rubuta mini tata da kwatancen gidanta a bayan wata takardar magani, da irin rubutun nan nata mai tsayuwa ƙyam. Ban juya takardar na karanta gabanta ba.

Da tasi ta tafi na ja labulen shago rabi, don kada Mai Kushin ya ga ina laluben abin da na ce na sani. Na warware shimfiɗar a kan benci. Ta mutum ɗaya ce, laushinta kamar bargon jarirai, amma in ka shafa sai ka ji wasu siraran tiyo a ciki, sun yi layi-layi daga sama har ƙasa. Tiyo biyu masu kauri suka fito daga gindinta suka shiga akwatin. Na kwance sukurori takwas. A ciki ba kwamfureso, ba gas, ba komai na abin da na ƙare rayuwata a kansa. Ɗan tankin ruwa ne, da ƙaramin famfo, da fanka, da wani faifai da ke sanyi a gefe ɗaya in an ba shi wuta. Ruwa ya yi sanyi, famfo ya tura shi cikin shimfiɗa, ya zagaya ya kwashe zafin jikin mutum, ya dawo. Na zauna ina kallonsa ina jin haushi. Shekara hamsin ina dahuwa, ashe maganina bai fi abin da zan ɗauka da hannu ɗaya ba.

Matsalar ma ba wata ba ce. Ruwan rijiya suke zubawa, ya bar farin ƙanzo ya toshe 'yar matatar da ke gaban famfon, ƙura kuma ta liƙe fankar. Na jiƙa matatar, na goge ta da tsohon burushin haƙori, na hure ƙurar, na zuba ruwa mai tsabta. Kafin azahar jar fitila ta koma shuɗiya. Na ɗora tafin hannuna a kan shimfiɗar, na ji wani sanyi mai ladabi, ba irin na esi mai marin fuska ba, irin na simintin ɗaki da asuba.

Ya kamata in kira Malama a lokacin. Na ma ɗauko wayar. Sai na ce wa kaina ai mai gyara na kirki ba ya mayar da kaya bai gwada ba, kuma abin kwanciya ba a gwada shi a tsaye. Da yamma na ɗaure shi a bayan babur na kai gida.

Maiɗakina ta tambayi na wane ne, na ce na kwastoma ne, gwaji zan yi. Ta ce tunda muke ba ta taɓa ganin na kawo firjin kwastoma gida na gwada ba. Na shimfiɗa a gefena, na ajiye akwatin a ƙasan gado, na danna rimot zuwa inda na ga dama. Abin da na sani kawai shi ne na kwanta. Da na buɗe ido rana ta fito, filona a bushe, maiɗakina tana tsaye a kaina da madubin jakarta a hannu. Ta ce ta kusa kara mini shi a hanci ta ga ko ina numfashi, don tunda ta aure ni ba ta taɓa ganin na kwana a gefe ɗaya ba motsi ba.

Ranar na je shago ina gaida mutane tun daga bakin layi. Mai Kushin ya tambaya ko an yi mini albishir ne.

Jibi ta zo, Malama ta kira. Ina falo ina ɗaure takalmi. Na gyara murya na ce aiki yana tafiya, sai dai an samu 'yar matsala.

"Matata ce, Malama. Ta tsufa, ta toshe, ba ta barin komai ya wuce. Sai na nemo sabuwa na canza ta."

Da na ajiye wayar na ga maiɗakina a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Sai da na kwance akwatin na ciro 'yar matatar ruwan na ɗora mata a tafin hannu kafin aka ba ni shayi. Ta jujjuya ta, ta ce ita dai ba ta ga tsufa a jikin wannan ba, fes take. Na ce ido ba ya gani, sai ma'aikaci.

Haka na yi ta ja. Rana ta huɗu na ce mai kawo kayan ya yi tafiya. Rana ta shida na ce an kawo amma ba irinta ba ce. Malama ba ta taɓa ɗaga murya ba, takan ce to, Allah ya taimaka, ta kashe. Ni kuma kullum in ce wa kaina yau ce ta ƙarshe. Na yi ƙiba a kwanakin nan. Na daina faɗa da mai walda a kan tartsatsi. Na ma fara tunanin tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu me za ta yi da sanyi, ai tsofaffi ɗumi suke so, wataƙila taimakonta nake yi.

Rana ta tara 'yata nas ta biyo ta shago daga wurin aiki, ta zauna a benci tana jiran in gama da wani firiza. Takardar da Malama ta yi rubutu a bayanta tana soke a ƙusa kusa da tawul. Ta cire ta tana fifita, sai ta tsaya tana karanta gaban. Ta tambaye ni ta wace ce. Na ce ta mai shimfiɗar nan ce. Ta ce to a gidan akwai wanda ya daɗe a kwance, don wannan maganin na shanyewar ɓarin jiki ne, wannan kuma man shafawa ne na gyambon kwanciya. Ta ce masu irin wannan lalurar zafi da gumi ne manyan abokan gabansu, fata takan sale tun ba a ankara ba. Sai ta ɗago ta dube ni. Ta san inda shimfiɗar take kwana, uwarta ta ba ta labari har da ƙari.

"Baba, kwana nawa ke nan?"

Na ajiye sukudireba. Na bar firizan a buɗe, na hau babur, na biya gida na ɗauko shimfiɗar da akwatinta.

Gidan Malama ƙarami ne, a ƙarshen wani lungu, da tukwanen fulawa a baranda. Ita ta buɗe mini. Ta wuce gaba na bi ta da kaya a rungume. Ɗakin yana da tsabta, yana warin man shafawa da sabulu. Mijinta yana kwance a gadon asibiti mai ƙarfe a gefe, dogon mutum da ya rame, an juya shi ya fuskanci taga. Fanka tana kaɗawa amma iskar zafi take turowa. A kan kujera akwai roba da ruwa da ƙananan tawul guda uku, da mafici. Na gane da hannu take yi masa abin da akwatin yake yi, dare da rana, kwana tara. Da muka ɗaga shi don mu saka shimfiɗar, rigarsa ta yaye, na ga bayansa ya yi ja da ƙuraje, wuri ɗaya a ƙugu ya fara salewa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka shimfiɗa, muka mayar da shi a hankali.

Na haɗa tiyo, na zuba ruwan da na zo da shi, na kunna. Can sai tsohon ya saki wani dogon numfashi, ya motsa hannunsa mai lafiya yana shafa gefen shimfiɗar. Ya yi wata magana da ban gane ba, Malama ta ce godiya yake yi mini. Da ma zagina ya yi.

A baranda na tsaya ina murza hula, gumi yana zuba har cikin idona. Na soma wani bayani a kan wahalar samun kayan gyara, sai na katse shi. Na ce mata tun ranar farko na gyara, a kanta nake kwana.

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta ce ta yi zargin haka tun kira na biyu, don ba ta taɓa jin mai neman kayan gyara da murya mai daɗi haka ba.

"Sauran yara in suka yi ƙarya gumi ne yake tona su. Kai kuwa kullum a jiƙe kake, shi ya sa tun kana aji huɗu ka fi ba ni wahala."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba bayanta ne ya sale ba, in je in roƙi mai bayan. Na koma ciki na durƙusa a gefen gadon, ni da furfurata, na faɗa masa abin da na yi. Ban san ko ya fahimta duka ba. Ya dai kama kunnena da hannunsa mai lafiya ya ɗan ja, bakinsa ya karkace gefe guda. Malama ta ce dariya ce.

Daga ranar duk Asabar ina gidan. In wanke matata, in hure fanka, in kawo ruwa mai tsabta a jarka. Na haɗa musu batir don kada abin ya tsaya in an ɗauke wuta. 'Yata ta riƙa biyowa tana duba ƙugun, sai da ya ɗauki mako bakwai kafin ya rufe, kuma duk makon bakwai ɗin ba ta gaishe ni da fara'a ba. Na koyi juya marar lafiya ba tare da na ja masa kafaɗa ba. Na gano tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma in ana karanta masa jarida ba ya son a tsallake labarin ƙwallo.

Ya yi wata goma sha huɗu ya rasu. Na yi baƙin ciki na gaske, wannan ba na shakka. Amma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, ranar da na je ta'aziyya ina zaune a falo kaina a sunkuye, idona sai da ya saci hanya ya leƙa ƙofar ɗakin, yana neman farin akwati. Har na shirya yadda zan ƙi karɓa sau biyu kafin in karɓa a na uku. Bayan mako biyu Malama ta kira ni. Na sa riga mai kyau. Ta ce in ɗauke shimfiɗar in mayar mata kan nata gadon, ashe ita ma zafi take ji duk shekarun nan, ba ta dai samu lokacin lura ba. Na shimfiɗa mata, na daidaita rimot, na ce Allah ya sa a ji daɗinta. Murmushin da na yi ranar har kumatuna sai da suka yi tsami.

A hanyar dawowa na yanke shawarar in haɗa tawa. Na samo tiyon ƙarin ruwa na asibiti wurin 'yata, da famfon tankin kifi, da cikin wata tsohuwar na'urar sanyaya ruwan sha. Ɗinki ne ban iya ba, dole na tsallaka wurin Mai Kushin na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariya har ya kwanta a kan soso, sannan ya ce in kawo tiyon.

Ta farko ta fashe a kwana na biyu, na tashi a cikin tafki, maiɗakina ta ce wannan karon na wuce gona da iri, sai da na sa ta shinshina ta yarda ruwa ne. Ta biyu ta yi sanyi fiye da kima, na wayi gari wuyana ya ƙage, na yi kwana uku ina juyowa da dukan jikina in an kira ni. Ta uku ce nake kai yanzu. Akwatinta tsohon gidan batir ne, tana gurnani kamar kyanwa mai ƙoshi, kuma ƙafafuna kawai take sanyayawa da kyau zuwa ƙugu, daga nan sama sai addu'a. Amma ina barci.

Labari ya fita a layi. Wani mai gidan burodi da ke wuni a bakin tanda ya zo ya ce a yi masa, wata mata ta zo saboda mahaifiyarta da ke kwance. Ta matar muka fara yi, na kai da kaina ranar da na ce zan kai, na kuma gaya mata gaskiya cewa ba ta kai ta kanti ba, in ta ga ɗigo ta kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ta mai burodi ce a kan benci yanzu. Jiya Mai Kushin ya sake soke tiyo da allura a layin ɗinki na sha ɗaya, ya ce tiyona ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, na ce idonsa ne ya mutu ya ƙi sayen tabarau. Tun safe ba mu yi magana ba. Ɗazu dai na ga ya turo kujerar kekensa kusa da ƙofa inda haske ya fi yawa, yana zare ɗinkin a hankali, yana waige ko ina kallo.